Goyon Suruki a Ruwan Gwange

Na fi sanin ƙafafun surukina a kan fuskarsa, kuma ba wasa nake yi ba. Tun da aka ɗaura mini aure da 'yarsa ta fari, duk ranar da na je gaishe shi a Gwange, tun daga bakin layi nake rage sauri, in tuɓe takalmi nesa da tabarmarsa, in durƙusa, in kafa ido a ƙasa. Abin da ke ƙasan kuwa ƙafafunsa ne. Na san babban yatsansa na dama da farcen ya tsage bai sake haɗewa ba. Na san kaushin dugadugansa, na san farin da ruwa da sabulu suka bari a tsakanin yatsunsa. Shi ma ba ya kallona. Kogi yake kallo, ya ce da Barbarci, "Wushe, wushe, lale," ya tambayi mutanen gida a dunƙule kamar babu 'yarsa a cikinsu, ni kuma in ce suna gaishe shi. Daga nan hira ta ƙare, sai in ja da baya in nemi takalmina.

Bai taɓa taka gidana ba. Ranar sunan 'ya'yana a masallacin unguwarmu yake tsayawa, a yi addu'a, ya tari keke ya koma. Ko ruwan randata bai taɓa kurɓa ba. A wurinmu babu mai kiran wannan ƙiyayya. Uba ba ya cin abincin gidan mijin 'yarsa, balle 'yar fari, suruki kuma ba ya tauna ko gyaɗa a gaban uban matarsa. Ni kaina da haka nake taƙama. Idan abokai suna ba da labarin surukansu masu zuwa su baje a falo su karɓe rimot, sai in gyara zama in ce nawa ba irin waɗannan ba ne.

Ni ma ɗan Gwange ne, ko da yake yanzu a Moduganari nake zaune, inda nake da shagon kayan lantarki. Mahaifina daga yamma ya zo neman abinci, ya kama haya a layin da ke gangarawa kogi, a nan aka haife ni. Tsofaffin unguwar suna cewa da can gari yana tsallake, wannan gefen kuwa lambuna ne da bukkoki da itatuwa, sai wanda cikin gari ya yi wa ƙunci ne yake ƙetarowa ya kafa rumfa. A haka aka cika. Barebari da Shuwa, Babur da Margi, Hausawa irin mahaifina, daga baya Ibo da kemis ɗinsu da kayan gyaran mota. A shekarun tashin hankali kuma mutanen ƙauyuka suka kwararo, kowane gida ya tsaga ɗaki biyu, kowane zaure ya koma makwanci. Yanzu idan ka yi atishawa a Gwange, daga gida na uku za a yi maka addu'a.

Wanda bai san unguwar ba, da abu uku ake yi masa kwatance: gada, maƙabarta, da kogi. Gadar ita ce hanyar kasuwa, ita ce kuma wurin tsayawar masu kallon ruwa idan ya kawo. Maƙabartar babba ce, kusan babu gidan da ba shi da nasa a ciki, mahaifina yana can, uwar matata ma tana can. Kogin kuwa, Ngadda, wanda da yawanmu Gadabul kawai muke ce masa, shi ne uban gidan kowa. Ba kullum yake da ruwa ba. Yana zuwa bayan damina ta yi nisa, ya zauna har sanyi ya shiga, sannan ya janye a hankali ya bar yashi. Kowane halinsa akwai masu cin abinci da shi. Idan ya cika, masu wanki su shanya kaya a gaɓa har ka rasa inda za ka taka. Idan ya janye, masu lambu su bi danshi da salak da yakuwa da albasa, masu tifa su shigo ɗibar yashi, masu bulo su jera nasu a rana. Yanzu har da masu wankin keke Napep, waɗanda ke barin baƙin mai a kan ruwa, tsofaffi suna tsine musu a ƙasan maƙoshi.

Surukina mai wanki ne da bugu. Mabugarsa tana ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar dogonyaro, ɗan nesa kaɗan da gaɓa. A nan akwai gungumen tsamiya da ya gada wurin mahaifinsa, ya yi sulɓi don tsufa, a kansa ake shimfiɗa shadda bayan an sa mata sitaci, a yi ta dukanta da mabugi har ta ɗauki ƙyalli. A gefe kuma huluna zanna ne a kafe kan itatuwansu suna shan rana, layi-layi. Duk wanda ya tashi a layinmu da wannan ƙarar ya tashi, tim-tam, tim-tam, tun hantsi. Muna yara ya sha korarmu da mabugi a hannu idan ƙwallonmu ta faɗa kan shanyarsa. Ban taɓa zaton wata rana zan durƙusa a gabansa ina neman 'yarsa ba, kuma ina jin shi ma bai manta ƙwallon ba, kawai dai dattijo ne.

A shekarar da ruwan madatsar Alau ya shigo gari, surukina ya riga ya tsufa. Gwiwoyinsa sun ƙi, hawan jini ya kama shi, matarsa ta rasu, ɗansa namiji guda yana can kudu yana tuƙin babbar mota. Daga shi sai 'yan haya a gidan. A cikinsu akwai wani Ibo mai kemis, wanda ya daɗe a gidan har 'ya'yansa sun fi jin Barbarci a kan yarensu. Shi ne ya kira ni da safiyar ranar, gari ya ɗan waye.

"Surukin Baba, ka zo. Ruwa ya cinye layi. Na fitar da madam da yara, na dawo, Baba ya ce shi ba ya zuwa ko'ina."

Matata tana jin haka ta zube a tsakar gida. Layinmu na Moduganari a kan tudu yake, ko digo bai shigo mana ba, wannan ma sai da ya zame mini abin kunya daga baya. Na zura rigar da ta zo hannuna, wata farar shadda da na sa ranar Juma'a, na fita. Keke ya kai ni inda zai iya ya juya. Daga nan na ɗare wata tifa, irin masu ɗibar yashin nan, ranar sun koma ɗibar mutane. Ban gane garin ba. Inda na san titi ne, ruwa ne ja yana gudu da firji da tumaki da ƙyauren ɗaki. Tifar ta tsaya a babban titi, direba ya ce iyakarsa ke nan, duk mai ɗan'uwa a ciki ya shiga ya fito da shi.

Ruwan ya kawo mini ƙirji kafin in kai ƙofar gidan. Na tarar da surukina a zaune kan katangar tsakar gida, inda mai kemis ya ɗora shi, daga shi sai singileti da zanen da ya kwana da shi. Ya rungume wani ƙullin kaya, shaddodin mutane ne da aka kawo bugu. Abin da ya fara zuwar mini shi ne in durƙusa. Wallahi sai da na lanƙwasa gwiwa, ruwa ya taɓa mini haɓa, sannan na tuna inda nake. Na sunkuyar da kai ina neman ƙafafunsa, su ma suna cikin ruwa. A haka na gaishe shi, ina tsaye ƙiƙam a gabansa, karo na farko a rayuwata.

Ya ce, "Wushe." Sannan ya juya wajen mai kemis. "Gaya masa ya koma. Yana da yara."

Mai kemis ya ce, "Baba, ni ma ina da yara, kuma ga ni. Ka hau bayana ka ƙi. To ga ɗanka ya zo."

Ban san yadda za a ƙare ba da bangon ɗakin baya bai rufta ba. Ya zube gaba ɗaya, ruwan ya yi tsalle ya dake mu. Ban nemi izinin kowa ba, na juya baya na jingina da katangar, mai kemis ya karɓe ƙullin ya ɗora a kansa, ya turo mini tsohon. Na goya shi. Bai da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni tsoro. Ina jin numfashinsa a wuyana, ina jin yadda yake ƙoƙarin kada ƙirjinsa ya taɓa bayana, mutumin da ruwa ke neman tafiya da shi.

A bakin layi, inda ruwan lungu ke haɗuwa da na titi, nan ƙarfin yake. Ƙafata ta faɗa kwata, muka nutse tare. Na lalubo damtsensa na riƙe, na taso, na ja shi har jikin tifar. Mutanen sama suka miƙo hannu, ni kuma ina turawa daga ƙasa. Sai da ya fita daga ruwan sannan na ga babu zanen. Ruwa ya tafi da shi.

Tifar cike take da mutanen layinsa. Matan da suka girma suna gaishe shi, 'yan matan da ya ba alewa suna ƙanana, duk suna ciki. Na ga sun kawar da kai lokaci guda, wata tsohuwa ta fara salati. Ni kuwa babu inda zan kawar da nawa, hannuwana ne ke riƙe da shi. Na gani. Shekaru sun wuce ban faɗa wa kowa wannan kalmar ba, ko matata, sai yau da nake rubuta ta. Na haura da sauri, na tuɓe rigata na zura masa, na zauna daga ni sai wando na ba shi baya. Motar ta tashi. Can cikin ƙarar inji na ji ya yi magana da Barbarci, ba da ni ba, ba da kowa ba. Barbarcina ba shi da yawa, amma ya isa in gane. Cewa ya yi da an bar shi a can.

A ɗakin baƙi da ke zaure muka sauke shi. Matata ta share, ta shimfiɗa sabuwar katifa, ta kunna turaren wuta, ta shiga kicin da murnarta, wai yau babanta zai ci girkinta a ɗakinta. Ta kai masa tuwo, ya dawo yadda ya je. Ta kai shayi da burodi da safe, shayin ya yi sanyi har ya kama fata. Ta dama kunu, ta yi farfesu, ta soya ƙwai. Ya ce mata azumi yake yi. Da magariba ta yi sai ya lallaɓa masallacin layi da sanda, ya sha ruwan butar masallaci, ya karɓi dabino idan wani ya miƙa, ya dawo ya kwanta yana fuskantar bango. Maƙwabcina, wani dattijo Babur da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ya ba shi jallabiya ya sa. Rigata kuwa ya naɗe ta ya yi matashi da ita, ya hana a wanke.

Kwanaki suna tafiya, mutum yana ƙarewa a gaban idonmu. Mai kemis, wanda ya fake da iyalinsa wurin wani ɗan'uwansa, ya zo duba shi da maganin hawan jini, ya fito yana girgiza kai. Ya ce wannan magani ba a shansa da yunwa, kuma idan aka ci gaba a haka, abin da ruwa bai yi ba yunwa za ta yi. Ni kuma ba ni da bakin magana. Yaya zan shiga in ce wa surukina ya ci abinci? Da wane ido? Tun ranar tifa ko gaisuwa daga bayan ƙofa nake yi, ya amsa daga ciki, kowa yana jin nauyin numfashin ɗan'uwansa. Idan na ji motsin sandarsa zai fito alwala, sai in faɗa ɗaki kamar ɓarawo a gidan da na gina da gumina.

Ina da zuciya, ban ɓoye ba. Wata rana da rana tsaka na shigo na tarar da matata tana kuka a kan kwanon da ya dawo, sai na hau ta da faɗa, ita da ba ta yi komai ba. Na ce wace irin kunya ce wannan da za ta kashe mutum? Na ce mutane suna can a makarantu suna kwana a kan siminti, suna layin abinci, shi an kawo masa har gaban katifa ya ƙi. Na ce da na sani... Ban ƙarasa ba, don ta ɗago ta dube ni, kuma na tuna zaure ba shi da nisa. Har yau ban sani ba ko ya ji.

Washegari na ɗauki tabarma da filo na koma shago. Na gaya wa matata ta ce masa kaya nake gadi, ɓarayi sun yi yawa tun da ruwa ya zo. Tunanina shi ne idan ba na gidan, ƙila tuwon ya daina zama nawa a idonsa. Na yi ta kwana tsakanin kwalayen ƙwan fitila da naɗin waya, sauro yana cin rabonsa. Bai ci ba.

Matata ce ta samo hanyar, don ta fi ni sanin ubanta. Ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa ganin ya ci abinci shi kaɗai a ɗaki ba. A Gwange ciyayya ake yi. Bayan magariba kowane magidanci a fito da kwanonsa gindin dogonyaro, a haɗa, a ci na wannan a ci na wancan, babu mai tambayar daga wane gida tuwo ya fito. Abincin maƙwabci ba abin kunya ba ne, ƙin cinsa ne ma abin kunya. Sai ta je ta sami matar dattijon nan maƙwabcinmu suka ƙulla. Ita za ta yi girki a kicin ɗinmu, ta miƙa ta kan katangar baya, a juye a kwanon gidansu, shi kuma dattijon ya zagayo ta ƙofar gaba da sallamarsa.

Haka aka yi. Dattijon ya shigo da kwano da tabarmarsa, ya zauna a ƙofar zaure, ya ce shi fa tun da ya yi ritaya ba ya jin daɗin ci shi kaɗai, ko baƙo zai taimaka masa? Ina shago matata ta kira ni, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kada abin ya ji ya gudu.

"Yana ci. Wallahi yana ci. Har ya ce a ƙaro miya."

Na ajiye wayar na shiga bayan kanta na yi kuka, wani yana ƙofa yana jiran in ba shi soket. Daɗi na ji, amma ba daɗi zalla ba. Dattijo ne mai salla da azumi, mun taru mun yi masa dabara kamar yaron da ake ɓoye wa magani a cikin kunu. Kullum kwanon ya haura katanga sai na ji kamar ni ne nake haurawa.

Ƙarfinsa ya fara dawowa. Da ya dawo kuwa, sai ya fara lura. Ya tambayi 'yarsa, "Mai gidan fa?" Ta ce yana gadin shago. Bayan kwana biyu ya sake tambaya, ta sake ba shi amsar. Sai ya ce, "Shagon nan ba shi da ƙofa ne?" Ba ta gane inda ya dosa ba, ni ma da ta gaya mini dariya na yi. Ashe a lissafinsa ya kori mutum daga gidansa, ya raba miji da mata, ya bar jikokinsa suna kwana babu uba. Ni ina can ina cewa na ba shi wuri ya sake, shi kuma yana nan yana ƙara nutsewa. Da labari ya zo cewa ruwa ya janye daga Gwange, wata safiya bayan salla bai dawo daga masallaci ba. Matata ta leƙa ɗakin ta ga an naɗe katifa, an share, rigar ma babu.

Ban bi shi ranar ba, na kasa. Matata ta je ta dawo da jajayen idanu, ta ce ya ce ta koma ɗakinta, shi ya iso gida. Sai da aka kwana biyu na tattara ƙarfin hali na tafi.

Tun daga kan gada wari ya tare ni. Gwangen da na sani ta koma laka. Gidajen ƙasa sun zauna, na bulo sun tsaya da zanen ruwa a jikinsu sama da tsayin mutum. Ko'ina katifu ne a shanye da littattafan makaranta da suka kumbura. Lambunan gaɓa yashi ya binne su, wani ɓangare na katangar maƙabarta ya kwanta, mutane suna ta gyaran kaburbura. Kogin kuwa ya koma cikin gaɓarsa yana tafiya salin-alin, kamar ba shi ba. Na tsaya na harare shi, na ji ina son in zage shi, sai na tuna da kuɗin wankinsa aka yi wa matata kayan ɗaki.

Ina gangarawa layinmu na ji ƙarar. Tim, sai shiru, sannan tam. Mabugi ɗaya ne, hannu ɗaya, kuma hannun ya gaji. Dogonyaron yana nan. An ce gungumen tsamiyar a ƙarƙashin gada aka same shi ya maƙale, mutanen layi suka gane shi suka turo wa surukina a baro. Gidan babu abin da ya rage sai ɗaki guda da rabin zaure, ya kafa langa-langa ya yi rumfa a jikin bishiyar. Shaddodin mutanen nan da ya rungume ranar ruwa, mai kemis ya adana masa, su yake bi ɗaya bayan ɗaya.

Na tuɓe takalmi a cikin laka, na durƙusa nesa. Ƙafafun suna nan yadda na san su, sai dai sun rame. Ya ajiye mabugi.

"Wushe, wushe. Lale."

Na gaishe shi, ya tambayi mutanen gida. Na ce suna gaishe shi. Na soma ja da baya kamar kullum, sai na ga hannunsa ya turo wani abu a kan tabarma, a naɗe cikin takarda. Rigata ce. An wanke ta, an sa sitaci, an buge ta har tana ɗaukar ido, ko ranar da na karɓo ta daga tela ba ta yi wannan kyan ba. Godiya ma nauyi ta yi mini, don in na gode, na ambaci ranar ke nan.

Yana kallon kogi ya ce, "Maƙwabcin nan naku, a yi mini godiya wurinsa."

"To, Baba."

"Mutumin kirki ne. Iyalinsa ma ta iya miya." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni dai a sanina, mata biyu ne suke ƙona albasa a kan garwashi kafin su sa ta a miyar kuka. Ɗaya tana kwance can." Ya nuna wajen maƙabarta da haɓarsa.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ashe tun lomar farko ya sani. Ya san tuwon waye, ya san hannun da ya tuƙa, ya haɗiye tare da kunyarsa don kada 'yarsa ta ci gaba da kuka, ya kuma bar mu muna ta murna da wayonmu. Gumi ya keto mini. Na buɗe baki in ba da haƙuri, ban san ma a kan me ba, kan tuwon ko kan tifar ko kan maganar da na yi da rana tsaka.

Bai bar ni na fara ba. Ya jawo wani ƙaramin kwano daga bayan gungumen ya buɗe. Shinkafa da wake ce da ya dafa da kansa a kan duwatsu uku, da ɗan mai da yaji, da gutsuren bandar kifi guda a tsakiya. Ya wanke hannu, ya turo mini butar.

"Ni na ci naka," ya ce. "Matso."

Tun da nake da shi bai taɓa yi mini magana kai tsaye haka ba. Na so in ce na ƙoshi, na so in ce azumi nake yi, sai na tuna wanda ya riga ni faɗin haka. Na gane abin da yake nema. Shi an gan shi, ya kuma ci abin da bai kamata ya ci ba, ba zai iya sake zama a kan tabarmar nan ya amsa gaisuwata ba sai ni ma na sauko inda yake. Na ja gwiwa na matsa, na wanke hannu. Masu wucewa suna kallo, na san kafin la'asar duk layi an ji cewa an ga surukin mai bugu yana cin abinci da shi a kwano ɗaya.

Na sa hannu. Shinkafar ba ta gama nuna ba, gishiri kuma ya yi yawa. Ban ɗaga kai ba, shi ma na san bai ɗaga ba. Hannunsa kawai nake gani yana shiga kwanon yana fita, yatsun sun kumbura, tafin duk kanta saboda mabugi. Muka yi ta ci, kowa yana kewaye gutsuren kifin nan yana barinsa a tsakiya. Da abincin ya kusa ƙarewa, sai na ga yatsansa ya tura shi a hankali zuwa gefena.

Na ɗauka na ci.